DARASIN WANNAN WATA: Taurari, Jagora da Kalandar Mutanen Da

A lokacin bazara, idan zafi ya tsananta, mutanen Lambara ba su iya kwana cikin ɗaki. Kowa yakan shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida. Idan an kashe fitila, sai sama ta cika fal da taurari. Yara sukan yi ta ƙirga su har barci ya kwashe su. Tsofaffi kuwa karanta su suke yi. Tsoho yakan dubi yamma bayan magariba. Idan ya ga Kaza da 'Ya'yanta ta yi ƙasa, ta kusa ɓacewa, sai ya ce wa 'ya'yansa a gaggauta sharar gona da kai taki, damina ta ƙarato.

Wannan sani ya daɗe a duniya. Tun kafin a ƙera agogo ko a buga kalanda, mutane suna duban sama don su gane hanya, su gane lokaci. Wasu al'ummu har manyan gine-gine suka yi, suka daidaita su da rana da taurari. Darasin wannan wata zai bayyana yadda suka yi. A ƙarshe akwai aikin da mai karatu zai iya yi a gidansa da sanda da igiya kawai.

Yadda taurari suke tafiya

Duniya tana juyawa sau 1 a kowane yini da dare. Saboda wannan juyi ne ake ganin rana tana fitowa daga gabas, tana faɗuwa yamma. Taurari ma haka suke yi.

Akwai abubuwa 3 da mutanen da suka lura da su.

Na farko, taurari ba su sauya jerinsu. Kaza da 'Ya'yanta kullum a dunƙule take. Yadda kakanni suka gan ta, haka jikoki suke ganinta. Kaɗan ne kawai suke yawo a tsakanin sauran. Misali Zara, wadda ake wa kirari da matar wata. Idan ta bayyana a yamma da magariba, sunanta Zara. Bayan wasu watanni takan koma fitowa a gabas da asuba, sai a kira ta Gamzaki. Abu guda ne mai suna biyu.

Na biyu, kowace tauraruwa tana da wurin fitowarta da wurin faɗuwarta. Wadda take fitowa ta bayan wata tsamiya a bana, ta nan za ta fito a baɗi, muddin mai duba yana tsaye a wuri guda.

Na uku, kowane dare tauraruwa takan riga lokacinta na jiya da kamar minti 4. Cikin wata guda ta riga da awa 2 ke nan. Shi ya sa taurarin da ake gani da daren hunturu suka bambanta da na daren damina. Bayan shekara guda cif, kowace takan koma lokacinta na farko.

Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa 3, ya sami mabuɗin darasin gaba ɗaya.

Tauraruwar da ba ta gusawa

Akwai tauraruwa guda a arewa wadda kusan ba ta motsi. Sauran taurarin arewa kewaya ta suke yi, kamar akuya da turkenta. Ana kiranta Tauraruwar Arewa. Ba ta da haske sosai. A Lambara tana can ƙasa-ƙasa. Idan mutum ya miƙe hannunsa sosai ya dunƙule shi, tsayinta daga ƙasa ya ɗan ɗara dunƙulen hannu guda. Hazon hunturu yakan rufe ta wani lokaci.

Ga yadda ake samunta. A arewa akwai taurari 7 masu haske, masu siffar ludayi. Huɗu su ne bakin ludayin, 3 su ne mariƙinsa. Larabawa suna kiransu Banatu Na'ashi. Ana ganinsu sosai da farkon dare daga watan Maris zuwa Yuli. A dubi taurari 2 na ƙarshen bakin ludayin. A bi layinsu, a auna tazarar da ke tsakaninsu sau 5. Nan za a tarar da Tauraruwar Arewa. Wanda ya fuskance ta, gabas tana damansa, yamma tana hagunsa, kudu tana bayansa.

Tana da wani amfani kuma. Duk yadda matafiyi ya ƙara yin arewa, haka take ƙara hawa sama. Masana suna auna wannan da ma'aunin da ake kira digiri. Dunƙulen hannu guda kamar digiri 10 ne. A ƙasar Sakkwato tsayinta digiri 13 ne. A Agadas 17 ne. A Makka 21. A Alƙahira ta ƙasar Masar 30. Wato da duban tauraruwa guda matafiyi zai san iyakar nisan da ya yi zuwa arewa ko kudu.

Madugu a cikin hamada

Gishirin Balma sananne ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Makiyaya suna sayen kantunsa don dabbobinsu. Amma ba kowa ya san wahalar da ake sha kafin ya iso ba.

Balma tana gabashin Jamhuriyar Nijar. Tsakaninta da Agadas ya fi kilomita 500. Mafi yawan hanyar rairayi ne, a cikin hamadar da ake kira Tenere. Ɗaruruwan shekaru Abzinawa suna ratsa ta da ayarin raƙuma, wanda ake kira azalai. Sukan tashi bayan damina, wajen watan Oktoba. Suna kai gero, su ɗauko gishiri da dabino.

A Tenere iska takan shafe sawu cikin dare guda. Rijiyoyi suna nesa da juna, tafiyar kwanaki. Idan ayari ya kuskure rijiya, mutane da raƙuma za su mutu da ƙishirwa. A wani dogon yanki, itaciya guda ce tak alamar hanya. Wata mota ta buge ta a 1973. Yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

To, da me madugu yake gane hanya? Da rana yana duban inuwa, da yadda iska ta kwantar da tudun rairayi, da duwatsun da ya sani. Da dare kuwa sai taurari. Akwai taurari 3 masu haske a jere, kamar an ja su da igiya. Suna tsakiyar wani babban rukuni da Larabawa suke kira Jauza'u. Abzinawa suna kiran rukunin Amanar, wato jagora. Waɗannan taurari 3 suna fitowa daidai gabas, suna faɗuwa daidai yamma. A lokacin azalai da dare suke fitowa. Mai zuwa Balma daga Agadas gabas ya nufa, tare da ɗan karkata arewa. Saboda haka jagoransa yana gabansa.

Abzinawa sun raɗa wa sauran taurari suna daga abin da suka sani. Taurarin nan 7 masu siffar ludayi, su taguwa suke gani, wato raƙuma. Kaza da 'Ya'yanta kuwa suna kiranta 'yan matan dare. Kowace al'umma da sunayenta, amma saman guda ce.

Matuƙan jirgi a teku

Teku ma hamada ce, sai dai ta ruwa. Babu sawu, babu itace. Larabawa masu fatauci tsakanin ƙasarsu da Indiya da gabashin Afirka sun yi amfani da wani ɗan allo na katako. Igiya ce a tsakiyarsa, mai ƙulle-ƙulle. Matuƙi yakan ciji igiyar, ya miƙa allon gabansa. Yakan daidaita gindin allon da inda ruwa ya haɗu da sama, kansa kuma da Tauraruwar Arewa. Kowane ƙulli yana nuna tsayin tauraruwar a wata tashar jirgi. Idan awo ya yi daidai da ƙullin garin da ake nufi, sai a juya jirgi gabas ko yamma har a isa. Wani shahararren matuƙi, Ahmad bin Majid, ya rubuta littafi a kan wannan ilimi wajen shekarar 1490.

A can tekun Fasifik, wadda ta fi kowace teku girma, akwai mutanen tsibirai da suka yi tafiyar dubban kilomita cikin kwalekwale mai filafilai. Sun haddace wurin fitowa da faɗuwar taurari masu yawa. Idan wannan ta hau sama, sai su koma bin wadda ta fito a bayanta. Wasu masana sun yi shakkar haka zai yiwu. A 1976 aka gwada. Wani matuƙi mai suna Mau Piailug ya ja kwalekwale daga tsibirin Hawai zuwa Tahiti, kimanin kilomita 4,000, ba kamfas, ba taswira. Cikin wata guda da 'yan kwanaki suka isa lafiya. A lokacin, masu wannan sani kaɗan suka rage. Wannan tafiya ce ta sa matasa suka koma koyonsa.

Kalandar manomi

Watannin Musulunci da ganin jinjirin wata ake lissafa su. Shekararsu kwana 354 ce, wani lokaci 355. Shekarar rana kuwa kwana 365 ce. Bambancin kamar kwana 11 ne. Shi ya sa azumi yake zagayawa. A 1997 cikin sanyin Janairu aka yi shi. A 2013 cikin damina ya faɗo, a watan Yuli. A 2023 kuma cikin zafin Maris da Afrilu.

Wannan lissafi shi ne na ibada. Amma damina ba ta bin sa. Damina tafiyar rana take bi. Manomi ba zai ce kullum a watan Rajab zai yi shuka ba. Saboda haka yana bukatar wani lissafin. Taurari ne suka ba shi.

Kaza da 'Ya'yanta misali ce mai sauƙi. A ƙasar Sakkwato takan ɓace a yamma wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Takan yi makonni ba a ganinta. Cikin watan Yuni sai ta sake bayyana a gabas, gab da asuba. Wannan ya yi daidai da lokacin da ruwa yake kankama. A watan Nuwamba, lokacin da ake kai amfanin gona gida, da magariba take fitowa. Cikin hunturu kuwa tana tsakiyar sama bayan lisha.

Malaman ƙasar Hausa suna da lissafin da ya fi wannan zurfi. Sun same shi daga littattafan Larabci. An raba hanyar da rana da wata suke bi a sama kashi 28. Kowane kashi da tauraronsa. Kowane tauraro yana da kwana 13. Idan aka yi 13 sau 28, za a sami 364. Sai a ƙara wa tauraro guda kwana 1, shekara ta cika 365. Kowane lokaci na shekara yana da taurari 7:

Bazara: Far'ul Muƙaddam, Far'ul Muwahhar, Baɗanul Hutu, Naɗha, Buɗaina, Surayya, Dabaran.

Damina: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan.

Kaka: Sarfa, Iwa, Simaku, Gufru, Zubana, Iklilu, Ƙalbu.

Ɗari: Shaula, Na'a'imu, Bulda, Sa'adu Zabihu, Sa'adu Bula'u, Sa'adu Sa'udu, Sa'adul Ahbiya.

Surayya ita ce Kaza da 'Ya'yanta. Dabaran ita ce jar tauraruwar nan mai haske da take biye da ita. Haƙa'a kuwa tana kan Jauza'u, jagoran Abzinawa. Malamai sun tsara sunayen cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda. Manomi yakan je wurin malami ya tambayi tauraron da ake ciki da kwanakin da ya yi. Da haka yake sanin ko shukarsa ta yi wuri ko ta makara, da kuma kwanakin damina da suka rage masa.

Malaman Sakkwato da ilimin falaki

Ilimin tafiyar rana da wata da taurari shi ake kira falaki. Ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa wajen shekara 5 kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. A zamaninsu ba agogon hannu, ba rediyo. Amma dole a san lokacin kowace salla, a san alƙibla. Ladan yakan duba inuwa. Idan ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. Idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage a lokacin zawali, la'asar ta shiga. Alƙur'ani mai girma ya ambaci amfanin taurari wajen gane hanya, a Suratul An'am da Suratun Nahli.

A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Hafsan sojan ruwa ne na Ingila. Shi ma da rana da taurari yake auna inda yake a duniya. Ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan awonsa da taswirar taurari. A labarin tafiyarsa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙlidis, bugun Larabci. A ƙasar Sakkwato ya rasu, a watan Afrilu na 1827.

Gine-ginen da aka daidaita da sama

Wasu al'ummu ba su tsaya ga hadda ba. Sun kafa duwatsu don alamar ta daɗe bayansu.

A kudancin Masar akwai wani wuri mai suna Nabta. Yau hamada ce. Amma kimanin shekara 7,000 da suka wuce, ruwan sama yakan cika wani tafki a wurin. Makiyayan shanu sukan zo su zauna a bakinsa. Sun kafa ƙananan duwatsu a da'ira, faɗinta kamar mita 4. Sun bar ƙofofi a jikinta. Biyu suna duban arewa da kudu. Biyu kuma suna duban wajen da rana take fitowa a yinin da ya fi tsawo, cikin watan Yuni. Masu binciken tarihi suna ganin alamar zuwan damina ce. Damuwarsu irin ta makiyayin Shagari ce: yaushe ruwa zai sauka, ciyawa ta fito?

Mutanen Masar na da sun dogara ga kogin Nilu. Kowace shekara yakan cika ya malala gonaki, kamar yadda gulbi yake shiga fadama. Sun lura da tauraruwar da ta fi kowace haske da dare. Larabawa suna kiranta Shi'ira. Takan ɓace kamar kwana 70, sannan ta bayyana da asuba. Bayyanarta takan zo daidai da tasowar ruwan. Su ne suka tsara shekara mai kwana 365: wata 12 masu kwana 30, da ƙarin kwana 5. Mai karatu zai iya ganin Shi'ira da daren hunturu. Ya bi jerin taurarin nan 3 ya miƙe ta gefe guda, zai tarar da ita. Idan ya bi ɗaya gefen, zai tarar da Dabaran da Surayya.

Babbar dalar Giza, kusa da Alƙahira, kabarin wani Fir'auna ne mai suna Khufu. An gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali mita 146 ne. Kowane gefe mita 230. Gefunanta 4 suna duban gabas, yamma, kudu da arewa. Kuskuren magina bai kai kashi 1 cikin 10 na digiri guda ba. Ba su da kamfas. Wasu masana sun ce taurarin arewa suka bi. Wasu sun ce inuwar sanda suka auna.

A Abu Simbel, Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa an sassaƙa wani babban gini a cikin dutse, fiye da shekara 3,200 da suka wuce. Sau 2 a shekara, wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken rana mai fitowa yakan shiga ta ƙofa ya kai har ƙuryar ciki, nisan kamar mita 60. Daga 1964 zuwa 1968 aka yanka ginin gunduwa-gunduwa aka mai da shi kan tudu, don kada ruwan madatsar Aswan ya ci shi. An kiyaye fuskar da yake duba.

A Ingila ma akwai da'irar manyan duwatsu da ake kira Sitonhenj. Wasu sun fi tan 20 nauyi. An jera su daidai da fitowar rana a yinin da ya fi tsawo, da faɗuwarta a yinin da ya fi gajarta.

Na gida: masallaci da alƙibla

Ba sai an je Masar ba. Kowane masallaci a Lambara, da kowane kabari a maƙabarta, an daidaita shi da fuska guda, wato alƙibla. Wanda ya ja layin harsashin tsohon masallaci, da rana ko da taurari ya yi aiki.

Hausawa sukan ce a fuskanci gabas. Amma a ƙasar Sakkwato alƙibla ta ɗan karkata daga gabas zuwa arewa, da kamar digiri 19. Sannan rana ba wuri guda take fitowa ba. A watan Yuni takan fito ta arewa maso gabas. A Disamba takan fito ta kudu maso gabas. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kaɗai take fitowa daidai gabas. Wanda ya ja harsashin masallaci cikin Disamba, ya bi mafitar rana, zai kauce wa alƙibla da fiye da digiri 40. Wannan ya fi dunƙulen hannu 4.

Aiki na farko: neman gabas da sanda

1. A sami wuri mai shimfiɗe, inda rana take bugawa duk yini.
2. A kafa sanda miƙaƙƙiya, tsawon kamu 2, a tsaye sak.
3. Da hantsi, a sa tsakuwa a ƙarshen inuwar sandar.
4. A ɗaura igiya a gindin sandar, a auna ta zuwa tsakuwar. A ja da'ira a ƙasa da wannan tsawo.
5. Inuwa za ta ragu, sannan ta soma ƙaruwa. Bayan azahar, idan ƙarshenta ya sake taɓa da'irar, a sa tsakuwa ta biyu.
6. A ja layi tsakanin tsakuwoyin. Ta hantsi ita ce yamma. Ta biyu ita ce gabas.

Don samun alƙibla, a tsaya a kan layin, a kafa turke. A yi taki 3 zuwa gabas, sannan taki 1 zuwa hagu, wato arewa. A kafa turke na biyu. Layin da ya tashi daga turken farko zuwa na biyu shi ne alƙibla a wannan yanki.

Aiki na biyu: ranar da rana take kan Ka'aba

Sau 2 a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba. Na farko 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya. Na biyu 15 ko 16 ga Yuli, da ƙarfe 10:27 na safe. A wannan lokaci duk wanda ya juya wajen rana ya fuskanci alƙibla. Kada a kalli ranar da ido, tana lalata gani. A duba inuwar sanda. A tsaya a ƙarshen inuwar, a fuskanci sandar. Alƙibla ke nan. A ja layi a ƙasa, a gwada shi da na aikin farko.

Idan aka ga wani tsohon masallaci ya ɗan karkata, ba abin tashin hankali ba ne. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda yake nesa da Makka, fuskantar sashen da Ka'aba take ya isar masa. A kai maganar ga liman cikin ladabi. Amfanin awon ya fi yawa idan za a ja sabon harsashi.

Iyakar abin da taurari suke faɗa

Taurari suna nuna lokaci da hanya. Ba su saukar da ruwa. A 1973 da 1984 sun fito a kan lokacinsu, amma aka yi fari mai tsanani a ƙasar Hausa. Tauraro yakan ce lokacin damina ya yi. Ba ya cewa ruwan zai wadata. Saboda haka manomi mai hankali yakan haɗa lissafin taurari da wasu abubuwa. Yakan tona ƙasa ya ga zurfin laima kafin ya zuba iri. Yakan saurari hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya take fitarwa a farkon kowace shekara. Yakan nemi shawarar malamin gona a kan iri mai saurin nuna.

Haka kuma ilimin falaki daban, duba daban. Mai cewa tauraro ya nuna masa wanda za a aura, ko ranar da za a yi arziki, kuɗin mutane yake nema. Malamai sun yi hani da wannan.

Abin da ya rage ga mai karatu

Yau wayar hannu tana nuna lokaci da hanya da alƙibla. Tana samun bayaninta daga taurarin ɗan'adam, wato na'urorin da aka harba sama. Wannan ci gaba ne. Amma waya takan mutu idan caji ya ƙare, takan faɗa ruwa, takan ɓata. Makiyayin da dare ya yi masa a daji, idan ya san Tauraruwar Arewa, zai kai gida.

Masu wannan sani a Lambara da Boɗinga da Shagari mafi yawansu tsofaffi ne. Suna da sunayen taurari da alamomin da babu su a wannan darasi. Idan suka tafi ba a rubuta ba, sun tafi da su. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci yana da abin da zai yi a nan. Ya sami littafin rubutu. Ya zauna da baba ko inna, ko malamin unguwa, bayan lisha. Ya rubuta sunan kowace tauraruwa, da watan da ake ganinta, da aikin gonar da take nunawa. Ya rubuta ranar da Kaza da 'Ya'yanta ta ɓace, da ranar da ta dawo, da ranar ruwan shuka. Bayan shekara 5, littafin zai zama kalandar garinsu, wadda 'ya'yansa za su ɗora a kai.

Tambayoyi

1. Minti nawa tauraruwa take riga lokacinta na jiya?
2. Ta yaya ake samun Tauraruwar Arewa?
3. Me ya sa manomi ba ya lissafin shuka da watannin Musulunci?
4. A rubuta sunayen taurarin damina guda 7.
5. Wane ne ya nuna wa Sarkin Musulmi Bello taswirar taurari, kuma a wace shekara?
6. Me ya sa bin mafitar rana a watan Disamba ba ya nuna alƙibla?
7. A tambayi wani dattijo sunayen taurari 3 da babu su a wannan darasi. A rubuta su, a kai wa malamin aji.